Garwashi a Bututun Jirgi

Abu biyu ne ba na ɗauka a gidana: wasa da wuta, da ɓoye laifi. Jikana ya haɗa mini su duka a mako guda.

Gidanmu yana Limancin Kona, cikin birnin Zariya. Yaron yana aji biyar a firamare. Ni na haifi ubansa. Maigida nake kiransa, kamar yadda kaka ke tsokanar jika. Shi kuma Iya yake ce mini. Ba shi da rashin kunya. Amma yana da gaggawa, kuma yana son a yaba masa.

Ranar Litinin ya dawo daga makaranta rungume da kwali. Tafiya yake a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Maigida, yau cefane ka yo mana?" na ce.

"Iya, kar ki taɓa. Kan jirgi ne."

Ya zauna a kan tabarma ya buɗe. Na leƙa. Ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa ne, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Da gwangwanin madara aka yi cikinsa. Ƙafafunsa murafen gwangwani ne. A gaba akwai bututun hayaƙi. A baya akwai ɗakin direba, wanda aka yi da kwali. An shafe shi duka da baƙin fenti, yana ta sheƙi.

"Mu goma sha biyu muka yi shi," in ji shi. "Mako shida muna yi da Malam Ja'afaru. Akwai tarago uku a makaranta. Ranar Asabar za a yi gasar makarantu. Ni zan tsaya in yi wa alƙalai bayani."

"To me ya kawo shi gidana?"

"Malam ya ce hannuna ba ya rawa. Ni zan ja masa jan layi, in saka masa ƙananan wayoyi na riƙewa. Ranar Alhamis zan mayar."

Uwarsa ta fito daga madafi tana goge hannu. "Malam bai kafa maka sharaɗi ba?"

"Ya ce ban da ruwa, ban da wuta, ban da ƙanne."

"To ka ji dai," ta ce.

Ya juya kan jirgin yana kallo. "Umma, saura abu ɗaya ya zama na gaske. Hayaƙi. Da zai yi hayaƙi, da babu makarantar da za ta kama mu."

"Ka yi abin da aka sa ka," na ce. "Wanda aka aika ɗebo ruwa ba ya tsayawa kamun kifi."

Bayan la'asar na tafi barka a maƙwabta. Uwarsa ta raka ni. Na bar kaskon turaren wuta a ƙofar ɗakina, da sauran garwashi a ciki. Wannan sakacin nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Da na dawo, tun daga zaure hancina ya gaya mini. Akwai ƙamshin turarena. Amma a ƙarƙashinsa akwai ƙauri. Ba ƙaurin tuwo ba ne. Ƙaurin fenti ne.

Na duba tsakar gida. Butata babu ruwa. Ƙasa a jiƙe take a bayan ɗaki. An share wurin, an bar sawun tsintsiya. Yaron da ba ya shara sai an yi masa tsawa.

Akwai wata tsohuwar randa a bayan ɗakina. Ta tsage, ba ma zuba ruwa a ciki. Na ga an rufe ta da faifai. Na ɗaga.

Kan jirgin yana ciki. Ɗakin direba ya cinye, saura toka da guntun kwali. Bututun ya karkace. Fentin da ke kewaye da shi ya yi bororo, kamar fatar da ruwan zafi ya zubo wa.

Daga baya ne ya faɗa mini yadda aka yi. Ya ɗauko garwashi ɗaya da cokali. Ya saka a bututun, ya barbaɗa turare. A ganinsa gwangwani ba ya cin wuta. Hayaƙi ya tashi, ya ji daɗi. Ya manta cewa da kwali da gam aka riƙe gindin bututun. Ya manta cewa an cusa tsohuwar jarida a cikin gwangwanin don kada ya lotsa. Garwashin ya huda kwalin, ya faɗa ciki. Kafin ya ɗauko buta, wuta ta fito ta baya.

Na tsaya ina kallon randa. Da farko na gode wa Allah da wutar ba ta kama labule ba. Sannan raina ya ɓaci. Na so in kira shi nan take. Amma na mayar da faifan. Na ce bari in ga ko zai zo da ƙafarsa.

Bai zo ba.

Washegari da safe na zuba masa koko. Ya kurɓa sau biyu ya ture. Ƙosai ko ɗaya bai taɓa ba.

Uwarsa ta taɓa goshinsa. "Ba ka da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau, Umma."

"Ina jirgin? Ban ga kana aikinsa ba."

"Na ɓoye shi. Saboda ƙura."

Na dube shi. Ya dubi ƙasa. Na ba shi dama.

"Maigida, jiya na ji wani ƙauri a gidan nan. Kai ba ka ji ba?"

"Ko maƙwabta ne ke ƙona shara," ya ce. Ya suri jakarsa ya fita.

Na yi wunin nan babu daɗi. Na tsinci shinkafa, na zubar da mai kyau na bar tsakuwa. Jirgin gwangwani bai dame ni ba. Yaron ne ya dame ni. Na san ƙarya. Ba ta zuwa ita kaɗai, sai ta kira ƙannenta.

Da yamma aka yi sallama a zaure. Abokinsa ne Haisam, ɗan ajinsu. Shi ya yanka ƙafafun jirgin da hannunsa, har almakashi ya yi masa kanta. Ina zaune a bayan ƙofa ina jin su.

"Fito da shi in gani," in ji Haisam. "Ka ja layin?"

"Na ja. Fentin bai bushe ba."

"Ba zan taɓa ba. Kallo kawai."

"Iya ta kulle shi a ɗakinta. Ka san halinta."

Haisam ya yi dariya. "Na sani. To gobe. Ibtisam ta gama labulen tarago. Ta ce in naka bai yi kyau ba, ita za ta yi bayanin."

Yau kuma da sunana aka yi ƙaryar. Na haɗiye.

Kafin magariba uban jikana ya bugo waya daga Kaduna, inda yake aiki. Uwarsa ta miƙa masa.

"Na nemi izini," in ji uban. "Ranar Asabar zan zo in ga jirgin nan da idona. Ka shirya bayaninka?"

"Na shirya, Abba."

Muryarsa ta fito siririya. Da ya miƙa wayar, na ga hannunsa yana rawa. Hannun da Malam ya ce ba ya rawa.

Ranar Laraba, bayan sallar asuba, gari ya ɗan waye, na ji motsi a bayan ɗaki. Na zagaya. Yana tsugune a gaban randa. Ya ɗauko man goge takalmin ubansa, yana shafa wa ƙunar da tsumma. Yana shafawa, fentin yana ɓarewa. Hawaye na ɗiga a kan gwangwanin.

"Takalmi ne?" na ce.

Ya zabura. Ya so ya ɓoye shi a bayansa. Ya ga babu amfani.

"Iya, tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar. Hancina bai tsufa ba."

Ya share fuska da hannun riga. "Zan ce akuya ce ta ture shi cikin murhu."

"Akuyata ba ta turara jiki. Shinshina ka ji."

Ya shinshina. Ƙamshin turarena yana nan a cikin bututun.

"To ki gyara mini, Iya. Ke kin iya komai. Mu yi wani ɗakin da kwali. Babu wanda zai gane."

"Ni zan gane. Kai ma za ka gane. Kayan mutum goma sha biyu ne. Ba a gyara kayan mutane a ɓoye."

"Malam zai cire ni."

"Mai yiwuwa."

"Haisam ba zai ƙara yi mini magana ba."

"Shi ma mai yiwuwa. Ɗauko kwalinka. Ba zan yi magana a madadinka ba. Kai za ka shige gaba, ni ina bayanka."

Uwarsa ta ji komai daga ƙofar madafi. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce kawai, "Jiya na tambaye ka. Da ka faɗa mini, da ka ci ƙosanka."

Na yafa mayafina muka fita. Makarantarsu tana wajen Ƙofar Galadima. Ba nisa, amma ranar tafiyar ta yi tsawo. Sau biyu yana tsayawa a lungu. Sau biyu ina yin gyaran murya. Ya ci gaba.

Mun sami Malam Ja'afaru a wani ɗan ɗaki da suke aikin hannu. Matashi ne siriri mai tabarau. Ya tashi ya ba ni kujera.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Lafiya dai?"

"Tambayi ɗalibinka."

Yaron ya ajiye kwalin a kan tebur. Ya kasa buɗewa. Malam ya buɗe da kansa. Ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Da ya yi tsawa, da ya fi sauƙi.

"Me ya faru?"

"Malam, garwashi na saka. Ina so ya yi hayaƙi."

"Me na ce maka?"

"Ban da ruwa, ban da wuta, ban da ƙanne."

"Yaushe wannan ya faru?"

"Ranar Litinin."

"Yau Laraba." Malam ya nisa. "Ƙunar kuskure ce. Kowa yana kuskure. Amma kwana biyun da ka ɓoye, su ne suka fi yi mana ɓarna. Da ka zo jiya, da muna da lokaci."

Ya aika aka kira sauran yaran. Suka cika ɗakin. Ya ce jikana ya faɗa musu da bakinsa. Ya faɗa. Kansa a ƙasa, amma bai rage komai ba.

Haisam ya matso. "Jiya ka ce mini fenti ne bai bushe ba."

"Ƙarya na yi maka. Ka yafe mini."

Haisam ya juya masa baya. Ya koma bakin taga ya tsaya. Ibtisam, yarinyar da ta ɗinka labule, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska.

"Ba kai za ka yi bayani ranar Asabar ba," in ji Malam. "Ibtisam ce za ta yi. In ma mun je ke nan. Tarago babu kai ba jirgi ba ne. Wataƙila sai dai mu janye."

Na ji wannan maganar har cikin ƙirjina. Don kada in kalli fuskar yaron, sai na kalli taragun da ke kan tebur. Guda uku, an shafa musu kore, suna ƙyalli kamar sabuwar langa.

"Malam," na ce, "waɗannan su ne taragun?"

"Su ne, Hajiya."

"Wa ya ce muku haka jirgi yake? Wannan ai kayan jeren amarya ne."

Wata yarinya ta yi dariya, ta toshe baki. Malam ya ciro wayarsa. Ya nuna mini tsofaffin hotuna, baƙi da fari. "Daga nan muka kwaikwaya."

"Hoto ba ya wari, kuma ba ya nuna datti," na ce. "Ni ban yi boko ba. Ko lambar da ke jikin jirgi ban iya karantawa ba. Amma a Tudun Wada na tashi. Tun ina kamar waɗannan yaran nake kai tallan dakuwa da gyaɗa tashar jirgi. Shekara biyar ina bin tagogi da faranti a ka. Lokacin jirgi kwal yake ci. Na san shi kamar yadda na san tukunyata."

Malam ya jawo benci ya zauna. "Yaya yake, Hajiya?"

"Kan jirgi ba ya sheƙi. Hayaƙi yana kwanta masa a baya, daga bututu zuwa ɗakin direba. A gefe akwai farin layi, inda ruwan zafi ke tsiyaya ya bushe. Ƙafafunsa jar ƙasa ce da baƙin mai. Rufin taragon farko ya fi na biyu baƙi. Na uku ya fi su haske."

"Saboda ya fi nisa da hayaƙi," in ji Ibtisam. Ta ɗago kai.

"Kin gane. Matakala kuma tsakiyarta ce kawai ke haske, inda ƙafa ke takawa. Kuma ina tofin goro?"

"Tofin goro?" in ji Malam.

"A ƙarƙashin kowace taga. Ja, kuma a karkace, domin iska tana mayar da shi baya. Sau nawa yana sauka a kan ɗankwalina."

Wannan karon duk suka yi dariya. Har Haisam ya juyo.

Na nuna bororon da ke gindin bututun. "Wannan ma haka na gaske yake yi. Zafi ne ke cin fentin wurin. Kar ku kankare. Ɗakin direba ne ya tafi. Shi kuma da ma bai kamata a yi shi da kwali ba. A kai wa Bahago mai liƙi, na bakin kasuwa. Shi ke gyara mini rariya."

Malam ya lissafa kwanaki da yatsu. "Yau, gobe, jibi. Za ki taimaka mana, Hajiya?"

"Zaurena yana da faɗi. Amma wanda ya ƙona shi ne zai fi kowa aiki."

Da aka tashi daga makaranta, jikana ya ɗauki kan jirgin zuwa rumfar Bahago. Ni na raka shi. Bahago tsoho ne kamata. Ya juya abin a hannunsa na hagu.

"Hajiya, mijin naki direba ya zama?"

"Direban da ya ƙona motarsa tun ba ta tashi ba."

Bahago ya ce aiki ya yi masa yawa. Akwai mazurari ashirin da ake jira. Ya ce sai Juma'a da safe. Yaron ya dube ni, idonsa ya cika.

"Baba, in na yanka gwangwanin da kaina fa?" ya ce.

Bahago ya dube shi ta saman ido. Ya miƙa masa alli da babban almakashi. "Auna sau biyu kafin ka yanka. In ka ɓata, kai ka sani."

Ya ɓata na farko. Ya yi gaggawa, taga ɗaya ta fi ɗaya girma. Ya ɓata na biyu. A na uku ya zauna sosai, ya auna, ya sake aunawa. Har la'asar ta wuce yana yanka. Bahago ya karɓa ya duba, ya ce gobe zai liƙe.

Ranar Alhamis babu Islamiyya. Da yamma yara suka cika zaurena da taragunsu. Na kankaro baƙin tukunya a cikin murfi. Na ɗebo toka. Na sa aka dako jar ƙasa daga gindin tsohuwar katanga, aka tankaɗe. Na figo gashin kaza guda shida.

"Ba shafawa ake yi ba," na ce. "Taɓawa ake yi. Kaɗan kaɗan. Datti ba a rana ɗaya yake taruwa ba."

Malam ya dama ɗan gam da ruwa don ƙurar ta kama. Ibtisam ta yi rufin taragu. Wani yaro ya goge tsakiyar matakala da yashi har ta yi haske. Tofin goro kuwa, da tsinken tsintsiya aka yi shi, da ɗigon jan fenti. Haisam ne ya fi iyawa. Sai dai har yanzu ba ya kallon jikana.

Bahago bai gama ba ranar. Dalmarsa ta ƙare. Yaron ya dawo hannu wofi. Ya zube a bakin zaure. Tuwon ranar ma bai ci na kirki ba.

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, ya ruga rumfar. Ya dawo da kan jirgin. Sabon ɗakin direba ya zauna daram. Bututun ya miƙe. Amma ga gwangwani fari fat, babu fenti, babu layi, babu wayoyi. Gobe gasa.

Aka shafa baƙin fenti aka ajiye a rana. Muka zauna muna jira. Hadari ya taso daga gabas. Kowa ya ɗaga kai. Na ce a shigo da shi zaure, a yi masa fifita da mafici da faifai. Yara huɗu suka yi ta fifita. Ruwan bai sauko ba sai da fentin ya daina kama yatsa.

Saura jan layi. Jikana ya tsoma gashin kaza a fenti. Hannunsa ya hau rawa. Ya ajiye.

"Iya, ba zan iya ba. In na ɓata, babu sauran lokaci."

"Me kake ɓoyewa yanzu?"

"Babu komai."

"To me zai sa hannunka rawa? Ja numfashi. Dafa gwiwar hannunka a ƙasa."

Kan jirgin yana motsi a kan tabarma. Sai Haisam ya taso, ya tsuguna, ya riƙe shi da hannu biyu.

"Ja," ya ce. "In ka karkace, ni zan ƙona ka."

Yaron ya yi murmushi, karo na farko tun Litinin. Ya ja layin a hankali, daga gaba har baya. Ya miƙe kamar zare. Ya saka wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Sannan aka bi da baƙin tukunya, da toka, da jar ƙasa.

"Saura hayaƙinka," na ce.

Ya ja da baya. "Iya, na tuba da hayaƙi."

Na kwance bakin tsohon matashina, na ciro auduga. Na ja ta ta yi sala-sala. Na naɗa ta a siririyar waya, na taɓa mata baƙin tukunya daga ƙasa, na bar samanta fari. Na soka a bututun, na lanƙwasa ta baya.

"Ga shi nan. Wannan ba ya cin gida."

Ranar Asabar aka yi gasar a wani babban ɗakin taro. Ubansa ya iso da safe. Yaron ya tare shi a zaure ya faɗa masa komai, tun kafin ya cire takalmi. Uban ya saurara. Ya ce, "Ka yi laifi, ka kuma biya. Mu tafi."

Makarantu da yawa sun zo. Wasu sun yi gada, wasu sun yi famfon ruwa. Ibtisam ta tsaya a gaban tebur ta yi bayani tiryan-tiryan. Jikana yana can baya, a ƙarshen layi. Na ga abin yana masa ciwo. Na ƙyale shi. Wani ciwon magani ne.

Cikin alƙalan akwai wani dattijo mai sanda. An ce tsohon ma'aikacin jirgi ne. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Ya bi taragun da ido. Da ya kai kan jan ɗigon da ke ƙarƙashin taga, sai ya yi dariya har kafaɗarsa na motsi.

"Wanda ya yi wannan ya taɓa tsayawa a tasha," ya ce.

Ni dai na gyara mayafina.

Sannan ya nuna gindin bututun da ɗan yatsa. "Wannan bororon fa? Haka yake yi sak. Na sha ganin masu irin wannan aiki, ban taɓa ganin wanda ya fitar da shi haka ba. Wane gwani ne ya yi?"

Yaran duk suka juya suka kalli jikana. Ga yabo an miƙo masa a faranti, shi da ke son yabo. Da ya ce "ni ne" ya yi shiru, babu mai ƙaryata shi.

Ya matso gaba. "Baba, ba gwaninta ba ce. Kuskure ne. An hana ni wuta, na saka garwashi. Na ƙona ɗakin direba, na ɓoye kwana biyu. Abokaina da kakata ne suka taimaka aka gyara."

Dattijon ya miƙe tsaye. Ya dube shi da kyau.

"A aikin jirgi," ya ce, "wanda ya ga ɓarna a layi ya yi shiru, shi ke kifar da mutane. Wanda ya faɗa da wuri, shi ke ceton su. Ka makara, amma ka faɗa. Gaba kar ka makara."

"In sha Allahu, Baba."

Makarantarsu ta zo ta biyu. Masu famfon ruwa ne suka zo na ɗaya. Na ce wa Malam alƙalan ba su da ido. Ya ce famfon yana fitar da ruwa na gaske. Na ce to, wannan kam abin amfani ne, na yafe musu.

A hanyar gida Haisam da jikana ne suka ɗauki kwalin tare, kowa da gefensa. Da muka isa, uwarsa ta zuba masa tuwo. Ya cinye, ya nemi ƙari.

"Maigida," na ce, "me ka samo a makon nan?"

Ya lashe hannu. "In an ba ni amana, in tsaya a kan abin da aka ce. In kuma na yi kuskure, in faɗa nan take. Ɓoyewa ta fi ƙunar zafi."

"Ka biya karatunka," na ce. "Ni ma na samo nawa. Ba na ƙara barin kasko da wuta in fita."

Ku yara masu karanta wannan, ku riƙe. Kuskure yana gyaruwa in an fito da shi fili. In aka rufe shi da faifai, kullum ƙara girma yake yi. Ku faɗi gaskiya tun da wuri, ko da muryarku tana rawa.

Randar nan kuwa, na sa an cika ta da ƙasa. Na shuka barkono a ciki.